Buhu na Bakwai

Laraba, 3 ga Yuli, bayan la'asar

Na iso Bagudo. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hutu anka ba ku?" Na ce eh. Ai dakatarwa ma hutu ce, sai dai babu wanda ya yi mini fatan dawowa lafiya.

Bari in rubuta abin yadda yake, ko don in gan shi sau ɗaya da rubutun hannuna, ba na kwamiti ba.

Shekara huɗu ina neman gawayin da zai riƙe caji a batirin sodiyam, shi ne aikin digirina na uku. Sodiyam yana nan cikin gishirin miya, ba shi da tsadar litiyam, amma ya fi shi ƙiba, ba ya shiga gawayin da litiyam ke shiga. Gawayi mai tauri yake so, mai ƙananan ramuka. Na ce zan samo shi daga ɓawon ƙwallon kaɗanya, abin da matan ƙauyukanmu ke hura wuta da shi. Aka tara mini buhu tara. Na ƙona su a tanderu, na niƙa, na shafa, na haɗa ƙananan batura irin na agogo. Takwas suka ba ni 210 zuwa 220 a ma'aunin riƙon caji, abin da kowa ke samu. Buhu na bakwai ya ba ni 345. Sau biyar ina maimaitawa, yana nan a 345.

Muka buga takarda, Dakta Saifuddeen mai duba aikina ya sa sunansa a gaba. Buhun ya ƙare. Wasu a ƙasar waje suka bi hanyarmu suka samu 215. Mu ma muka sake da sabon ɓawo, 215. Daga nan aka fara cewa na zauna ne na rubuta lambobin da kaina.

Kwamitin binciken da makaranta ta kafa zai zauna 31 ga wata. Sun ce in kawo ɓawon da zai sake ba da wannan lamba kafin Litinin 22, Safina abokiyar aikina ta ƙona shi ta gwada a gaban shaidu. In ban kawo ba, shekara huɗun da sunana duk sun tafi.

Alhamis, 4 ga Yuli, da safe

Dakta ya aiko saƙo: "Allah ya bayyana gaskiya." Ranar da aka kira mu taro a Abuja kan takardar bai jira Allah ya bayyana komai ba, shi ya bayyana, da sabuwar malum-malum. A gaban kwamiti kuwa cewa ya yi shi dubawa kawai yake yi, ba ya taɓa injin gwaji. Wannan kam gaskiya ne, ko inda makunnin yake bai sani ba.

Asabar, 6 ga Yuli, bayan azahar

Yaya Haliru ne ya tara mini buhunan shekara biyu da suka wuce, da yake yana jigilar hatsi tsakanin nan da Tsamiya. A littafina an rubuta cewa na bakwai daga Kaoje yake. Yau ya ɗauke ni a babur muka je. Gida shida na shiga, ina duƙawa ina laluben ɓawo kamar mai neman ɗan kunnenta. Matan suna ta yi mini hidima, "Malama Raliya ce, wadda tak koya muna dahuwa da shanya." Duk dafawa suke yi su shanya a rana, yadda aka koya musu. Yadda na koya musu.

Ɓawonsu fari-fari ne, mai tsabta. Nawa na bakwai baƙi-baƙi ne, har na tsawata wa Yaya a lokacin na ce ya kawo mini datti. Na wanke shi sau uku kafin in ƙona.

Duk hanyar dawowa Yaya titi kawai yake kallo, shi da ba ya iya wuce akuya bai yi mata magana ba.

Lahadi, 7 ga Yuli, da hantsi

Ruwa tun asuba. Ban fita ba.

Litinin, 8 ga Yuli, da yamma

Safina ta kira. An canza makullin ɗakin gwaji. Ta ce kada in damu, ba don ni ba ne. To don wa, don ɓeraye?

Inna ta kawo mini tuwon shinkafa ta zauna tana kallona ina ci. Ta ce, "Wanga hutu naku ba shi da ranar ƙarewa?" Na ce yana da ita. Wannan ma ba ƙarya ba ce.

Laraba, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Ina zaune a zaure ina duba tsofaffin hotunan buhunan a waya, Yaya ya shigo ya tsaya yana wasa da makullin babur.

Ya ce, "Raliya, in hwaɗa miki wata magana, amma kar ki tashi min da hwaɗa."

Na ce ina ji.

"Buhun nan ba na Kaoje ne ba. Wurin Goggo Hamsatu niɗ ɗauko shi, tsallaken iyaka. Na san in nir rubuta sunanta ba ki amsa tai, shi as sa nis sa Kaoje."

Na tashi masa da faɗan kuwa. Na ce ya kashe ni, na ce wanda bai san darajar rubutu a jikin buhu ba bai kamata a aike shi ko sayen ashana ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To ni na yi ƙarya bisa buhu. Ke mi kiy yi?" Ya fita.

Goggo ba ta dafa kaɗe, wato ƙwallon kaɗanya. Banda take yi masa, ta jera ƙwallon a kan murhun laka ta ƙyafe shi da hayaƙi kwana da kwanaki, kamar kifi. Zafi kaɗan-kaɗan, cikin iska, na tsawon lokaci. Kowace ɗaliba 'yar shekarar farko ta san abin da wannan zai yi wa ɓawo kafin ya shiga tanderu: zai ɗaure jijiyoyinsa, ya hana su kwanciya, ya bar ramukan da sodiyam ke so. Shekara biyu amsar tana cikin launin buhun, ni kuwa ina wanke ta da sabulu.

Alhamis, 11 ga Yuli, da safe

Ba zan je ba.

Alhamis, bayan magariba

Na roƙi Safina ta saci jiki ta gasa ɗanyen ɓawo a injin busarwa na yini ɗaya ta gani. Ta ce ko ta yi ba za a karɓa ba, kuma ita ma tana da 'ya'ya. Ban ga laifinta ba. Na gani, amma kaɗan.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Na tambayi Inna ko akwai wata mai banda a wannan gefen. Ta yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Wa kib bari? Ba ku anka zo da mota da lasifika kunka sa anka rushe su dut ba?"

Shekara uku ke nan. Wata ƙungiya mai sayen man kaɗe ta ɗauke ni in yi wa mata bayani, don ni 'yar gida ce kuma na karanta kimiyya. Abin da na faɗa gaskiya ne, hayaƙi yana ɓata mai, masu saye ba sa so. Har gobe gaskiya ne. Amma ba sai na ɗaga ƙwaryar man Goggo sama a gaban taro ba. Ba sai na kira sunanta ba, ita da ke shugabar matan, ita da ta goye ni. Kuma akwai kalma ɗaya da ta fita ta lasifika wadda ba ta cikin takardar da aka ba ni. Kafin damina ta fita ta kwashe kayanta ta koma wurin 'yarta a ƙasar Benin.

Kwana biyu na ɓata ina jan aji, kuma kwana goma suka rage.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

Tungan Namadi, can bayan Tsamiya, gidaje ba su fi ashirin ba. Jami'in iyaka ya tambayi abin da za ni yi, na ce gaishe da uwata. Yaya ya sauke ni a bakin danga ya juya, wai yana da lodi.

Na same ta tana tsince ƙwallo a tabarma. Ta tsufa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar jiya muka rabu, lahiya lau, ina su Innarki, ina gajiya. Ba ta ɗago ba. Na fara bayanin batir, da sodiyam, da kwamiti. Na yi ta zuba, ni kaina na ji muryata ta koma irin ta ranar nan.

Ta ce, "Taƙaita min. Mi kika so?"

Na ce ɓawon banda, buhu ɗaya.

"Ɓawon jahilci?"

Ashe kalmar tana nan a wurinta, ba ta yi ko tsatsa ba.

Ta ce babu ko ƙwaya, da shi take hura murhun. In ina so sai a yi sabo, kuma ita ba ta da mai tsinto mata kaɗe, gwiwa ta ƙi. Ta nuna mini kwando da haɓa.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan azahar

Kwana biyu ina fita da matan tunga tun da sanyin safiya. Bayana kamar an yi masa dukan sakwara. Suna magana da Dandanci, yarensu na nan, suna dariya, na san da ni suke, don nakan ji "dokta" a tsakiya. Ban zama dokta ba, kuma da alama a bakinsu kawai zan zama.

Talata, 16 ga Yuli, da hantsi

An kunna. Murhun ya kai ƙirjina, laka ne zagaye, da sanduna a gicciye a sama, a kansu aka zuba ƙwallon. Wutar da ta hura ko ruwan shayi ba za ta tafasa ba. Ɗanyen itace biyu, ɓawo tafi ɗaya, ta rufe bakin da tsohon kwano.

Na fito da ma'aunin zafi da na zo da shi na soka. Ta kalle shi ta ce, "Shi wanga mi shika ce miki?" Na faɗa mata lambar. Ta ce, "To madalla." Ta sa bayan hannunta a jikin lakar, ta zare itace ɗaya.

Na tambaye ta kwana nawa. Ta ce huɗu, in Allah ya so. Asabar ke nan. Lahadi in kama hanya, Litinin in miƙa. Ya yi daidai, ba rarar ko yini ɗaya.

Laraba, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Ina rubuta zafin kowace awa. Lambobin hawa da sauka suke yi yadda suka ga dama, ita kuwa ba ta taɓa kuskuren lokacin juyawa ba. Tana cikin magana sai ta ɗaga hanci ta tashi. Na tambaye ta me take ji. Ta ce da fari warin ɗanye, sannan tsami, sannan wani abu kamar gyaɗa, in ya wuce nan kuma sai a jira. A jira me? "Ki jira dai, kina ji nai."

Shekara arba'in tana wannan, ni na rushe shi cikin minti goma, aka tafa mini.

Alhamis, 18 ga Yuli, da safe

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun jiya da yamma. Itace ya jiƙe, iska ta yi sanyi. Goggo ta fasa ƙwallo ɗaya da haƙori ta tofar. Ta ce wannan sai Litinin ko Talata.

Na ce Goggo Litinin fa ake jirana. Ta ce, "Shi kaɗen bai sani ba."

Alhamis, bayan azahar

Na yi lissafi. In aka ɗaga zafin da digiri sittin, abin da zai ɗauki kwana uku zai iya yiwuwa a yini ɗaya da rabi. Haka littafi ya ce, kuma littafin ba ƙarya yake yi ba. Na nuna mata. Ta ce kar in taɓa mata wuta.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ta tafi gaisuwar mutuwa a tungar gaba.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Ba zan rubuta da yawa ba. Itace huɗu kawai na ƙara, busassu. Ma'aunin ya hau daidai inda nake so, na ma ji daɗi. Abin da lissafina bai ɗauka ba shi ne man da ke cikin ƙwallon. Ya narke, ya ɗiga, wuta ta bi shi sama. Kafin mata su kawo ruwa sandunan sun karye, komai ya rufta ciki. Kwando goma sha ɗaya, bakwai a ciki nata ne, man da za ta ci ta sayar har rani.

Da ta dawo ta zagaya murhun sau ɗaya. Gefensa ya tsage. Na so ta zage ni, wallahi na so.

Ta ce, "Wancan karon da baki kik kashe min murhu. Wanga karon kin zo da hannu."

Ta shiga ɗaki ta yi salla.

Lahadi, 21 ga Yuli, da safe

Na hau tudun da ake samun sabis na kira Dakta. Na gaya masa komai, bandar, da hayaƙin, da ramukan. Na ji yana sha'awar abin, na san halinsa. Sannan ya ce labari ne mai daɗi, amma an riga an ɗaga mini wa'adi sau biyu, kuma shi ba zai je gaban kwamiti da tatsuniyar wata tsohuwa ba. Kafin ya kashe ya tambaye ni, wai digiri nawa na ce murhun yake kaiwa? Na ce sabis ya ɗauke.

Litinin, 22 ga Yuli

Yau ce.

Talata, 23 ga Yuli, bayan azahar

Na haɗa jakata da safe. Na fito na tarar da ita a durƙushe tana kwaɓa laka da tattaka, da wannan gwiwar. Ba ta ce in zo ba, ba ta ce in tafi ba. Na ajiye jakar na cire takalmi.

Muna cikin liƙe tsagar na roƙe ta gafarar laifina. Duka biyun, na bana da na shekara uku. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba, ban faɗa da kyau ba, kuka ya ɓata rabi. Ta ci gaba da shafa lakar har na ɗauka ba ta ji ba.

Ta ce, "Na jiya. Miƙo min ruwan can."

Alhamis, 25 ga Yuli, da yamma

Kaɗe ya kusa ƙarewa, sai mun yi nisa cikin daji muke samun rabin kwando. Yaya ya zo ya ce Inna ta san komai, wata 'yar unguwarmu da ke makarantar ta faɗa. Ya ce in zo mu tafi, in je gaban kwamitin ko da hannu biyu ne, in yi musu bayani. In ce musu me? Ku yarda da ni, na gano sirrin amma na ƙona shi? Na zauna a gabansu sau biyu, na san yadda suke kallon agogo in ina magana.

Wataƙila tsoro ne. Wataƙila girman kan ne dai ya sake riga. Na ce masa akwai wuta da za a kunna gobe.

Juma'a, 26 ga Yuli, da hantsi

An kunna. Kwando biyar. Ma'aunin yana cikin jaka.

Lahadi, 28 ga Yuli, bayan la'asar

Tsami yau. Na ji shi kafin ta tashi, amma na jira ta tashi da kanta, kar ya zama na yi kuskure a gabanta.

Safina ta turo saƙo, wai Dakta ya sa a sayo masa ɓawo buhu biyu, kuma yana tambayar ko injin busarwa zai iya kwana uku a kunne. Allah ya bayyana gaskiya.

Talata, 30 ga Yuli, da safe

Gyaɗa. Goggo ta bar ni na juya da kaina, tana zaune tana gyara mini da baki, wai ina juyi kamar mai jin haushin abin.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan la'asar

Sun zauna ƙarfe goma. Wasiƙar ta shigo wayata ƙarfe uku da kwata, layi huɗu. An janye takardar, an cire sunana daga makarantar, kar in sake shiga ɗakin gwaji. Sun rubuta Raliya daidai, abin da ba su taɓa yi ba a shekara huɗu.

Na sauko daga tudun na ƙara ɓawo tafi ɗaya a wuta, lokacinsa ya yi.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan azahar

Ina wanke kwanoni da hantsi na ji shi. Ba gyaɗa ba ne, ba hayaƙi ba ne, ban san sunan da zan ba shi ba, kuma babu injin da na sani da zai auna shi. Na ajiye kwanon na ce, "Goggo, ya yi."

Ta ɗaga hanci. Ta daɗe. Ta ce, "Awo, ya yi. Kashe."

Muka sauke, muka fasa a turmi, muka sheƙe. Ɓawon ya fito baƙi-baƙi mai sheƙi, ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Na san abin da zai bayar in ya shiga tanderu. Na sani kamar yadda na san sunana, kuma duk duniya daga ni sai tsohuwar da ba ta san mene ne sodiyam ba.

Ta ware ƙwallon gefe, ta tura mini ɓawon duka, ko tafi ɗaya ba ta rage wa murhunta ba. Ita ta riƙe bakin buhun ina zubawa, ita ta ɗinke shi da basilla, ta jijjiga ta ga bai zuba ba. Sannan ta jingina shi a ƙafata ta goge hannu a zani.

"To ga shi, ɗiyata. Wa za ki kai ma?"

Har yanzu yana nan jingine a bakin ƙofa.